Ganyen da Ke Tsami da Safe

Akwai wanda Allah ya ba ido, akwai wanda ya ba kunne. Ita Mai Cokali harshe aka ba ta, kuma ranar rabon ba a yi mata rowa ba. Harshen faɗa tana da shi daidai gwargwado, amma wanda ya ciyar da ita ya tufatar da ita shi ne na ɗanɗano. Tun tana budurwa take aikin manyan tukwane, irin waɗanda ake juyawa da hannu biyu: kicin ɗin makarantar kwana, kantin ma'aikata, daga baya kicin ɗin asibiti, inda ta daɗe har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Cokali ɗaya ne da ita, na ƙarfe, bakinsa ya cinye saboda tsufa, kullum yana soke a aljihun rigar aikinta kamar biron akawu. Likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjin majinyaci, ita ta tsoma cokali a tukunya, kuma a cewarta ita ta fi saurin gano cuta. Lasa ɗaya za ta yi ta ce, “Wannan albasar a yanke ta kwana,” sai ka ga yarinyar da ta yanka ta hau kallon silin kamar an rubuta mata wani abu a can.

Abin bai tsaya a kicin ba. In ta shiga kasuwa, masu kayan miya sukan janye tire, don sai ta tsinki ganye ta ciza kafin ta yi sallama. Ko ruwan famfo aka sauya wa tanki, ita ce ta farkon sani. Duk abin da bai bi ta kan harshenta ba, ba ta yarda ta san shi ba.

Mijinta mai awon hanya ne. Shi ne mutumin nan da za ka gani tsaye a tsakiyar daji yana leƙa wani abu mai ƙafa uku, yana yi wa wani hannu daga nesa. Inda hanya ta nufa, nan iyali suka nufa. Sun zauna a kan tsauni inda sanyi ke sa man girki ya daskare a kwalba. Sun zauna a fili mai zafi inda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu kafin hantsi. Duk inda aka sauke su, kafin ta kafa gado sai ta kafa lambu a bayan ɗaki, ko da faɗin tabarma ne.

A nan ta fara ganin abin da ya ɗaure mata kai. A kan tsauni latas da dankali da kabeji suka yi ta bunƙasa kamar 'ya'yan gata, masara kuwa ta tsaya cak, gajera, fuska a murtuke, kamar an aiko ta dole. Da suka sauko fili mai zafi ta shuka irin nan dai da hannun nan dai, sai masara ta miƙe har kana iya rantsewa ka ga tsawonta yana ƙaruwa, latas kuwa rana na take tsaka sai ya kwanta sumamme, komai ruwan da ya sha da safe.

Ta tambayi maigidan, “Wai me ya raba su? Ba rana ɗaya ce ke dukansu ba?”

Ya ce, “Ni hanya nake aunawa, ba ganye ba.”

Haka yake. In ka tambaye shi nisan gari zai ba ka amsa har da ƙari, in ka tambaye shi wani abu daban sai ka ce da bango kake. Ta rufe tambayar ta ajiye a ranta kamar ragowar miya, ta ce wata rana a ɗumama.

Wannan mutumin, da bai taɓa sayo mata ko ɗan kunne ba tare da ta faɗi launi da shago ba, shi ne wata rana ya dawo daga aikin fasa duwatsu riƙe da gwangwanin madara. A ciki akwai wani ɗan tsiro mai kaurin ganye, gefen ganyen a tsattsage kamar haƙoran zarto. Ya ce a tsagin dutse ya gan shi, inda ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya zauna, kuma da gari ya waye za a tashi dutsen da nakiya. Ya miƙa mata, ya wuce ya wanke ƙafa. Iyakar kalaman soyayyar ke nan.

Ta juya gwangwanin, ta dubi kaurin ganyen, ta dubi kunnen mai kawowa, ta sa masa suna Kunnen Ƙashi.

Sunan kuwa ya bi shi. An ɗora shi a saman kaya a bayan babbar mota, rana ta gasa shi, bai ce komai ba. An manta da shi a bayan tankin ruwa har ɗansu ya yi wayo ya shiga makaranta, aka same shi yana nan, ya ma ƙara ganye. Daga gwangwanin madara ya koma na fenti, daga nan ya koma tsohon bokiti. Ita tana fita aiki tun duhu bai washe ba, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi, don haka gaisuwarsu ta yamma ce, ruwa kuwa sai in ta tuna, kuma ba ta cika tunawa ba. Ta sha cizon ganyensa in ta zo wucewa. Lami ne salam, ruwa-ruwa, ba daɗi ba ɗaci. Takan ce, “Kai da mai kawo ka, duk ba gishiri.”

Sai mai awon hanya ya yi tafiyar da ba a aunawa. Aka raba tufafinsa, abin awonsa ya koma ma'aikata. Ba a jima ba ita ma ta ajiye aiki, ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa, hawa na sama a wani dogon bene, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda mai kallon gabas. Kayanta akwati ne, da cokali, da bokitin Kunnen Ƙashi, wanda ta hana kowa ɗauka, ta hau da shi matakala da kanta tana hutawa a kowane hawa. Cikin duk abin da hannun mijinta ya taɓa, shi kaɗai ne ya rage mai rai.

To, ku san babu abin da ya kai tsohuwar da ta ajiye aiki haɗari. Hannu ya saba, ido ya saba buɗewa da asuba, ga shi babu tukunyar da ke jira. Surukarta tela ce, kekenta na falo, ga ciki ya tsufa, amma ba ta sakar mata kicin ba sai da rana. Don haka Mai Cokali ta fito baranda da sassafe, ta zauna a kan kujerar roba, ta dubi bokiti, bokiti ya dube ta. Hannu ya kai kansa, ta tsinki gefen ganye ta ciza.

Sai da idonta ya rufe. Tsami! Ba ɗan tsami-tsami ba, irin wanda ke kama muƙamuƙi ya tara miyau, kamar an matse lemun tsami a ciki.

Ta tofar, ta kurkure baki, ta ciji wani ganyen. Haka. A kicin, abin da ka sani lami ne ka wayi gari ya yi tsami, fassararsa ɗaya ce, ba ta da ta biyu: ya lalace. Madara haka, miya haka, wake haka. Kuma duk wadda ta taɓa riƙe ludayi ta san maganin tsami. Ta shiga kicin, ta jiƙa 'yar kanwa a jug, ta cika shi da ruwa, ta zo ta tuttule a gindin tsiron har ruwa ya ɓullo ta ƙasan bokiti.

Da yamma ta fito ta ciza. Lami salam, kamar yadda ta san shi.

“Yawwa,” ta ce wa bokitin. “Ka zaci da yarinya kake?”

Washegari da safe tsami ya dawo. Ta ƙara kanwa, ta ƙara ruwa. Da yamma ya warke. Da safe ya koma. Ta ce lallai ciwon mai naci ne, da dare yake tashi, irin zazzaɓin da ta sha gani a asibiti. Ai kuwa ta ɗaura ɗamarar jinya. Ta haɗa masa da ruwan wankin shinkafa don ya samu ƙarfi, da ganyen shayi don ya ji ɗumi. Tsiron da ya yi rayuwarsa a kan mantuwa ya wayi gari yana da nas ta kansa.

Surukar ta leƙo wata safiya, tef rataye a wuya, hannu ɗaya a ƙugu.

“Mama, wai wannan miyar yaushe za a sauke? Kullum ana zuba mata kanwa, ba a taɓa ba mu mun ɗanɗana ba.”

“Ke dai je ki ji da zarenki. Majinyaci gare ni.”

“Ni dai gani nake kamar tun da aka fara ba shi magani yake ramewa.”

“Da ba a ba shi ba, da tuni ya bi mai shi. Kin taɓa ɗanɗana shi da yamma? Garau yake kwanciya.”

“Allah ya kiyashe ni cin ganyen bokiti, Mama, da cikin mutum a jikina.”

Gaskiyar tela ce, amma wa zai gaya wa mai magani maganinsa ne ciwon, alhali kullum yamma tana ganin shaida a kan harshenta? Ganyen ƙasa suka fara yin rawaya suna zubewa. Karan ya yi duhu daga gindi. Ƙananan ƙudaje suka buɗe unguwa a bakin bokiti. Mai Cokali ta daina barcin kirki. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba ranar da aka fita da mijinta, sai ga ta tana share ido a gaban bokiti, tana cewa, “Ka jure babbar mota, ka jure bayan tanki, sai yanzu da na samu lokacinka?”

Ran nan da safe ta ciza, ta ji tsamin nan, ta jiƙa kanwa. Ta ɗauko jug ke nan sai ta ji an kira ta daga falo da wata murya wadda ba ta zare da allura ba.

“Mama! Ajiye majinyacinki, ga wani.”

Ta dire jug a kan teburin kicin. Aka yi ta ɗauko wannan, manta wancan, ɗanta yana neman makullin da ke hannunsa. Suka wuni a asibiti, tsohon wurin aikinta. Tana zaune a benci tana addu'a, rabin zuciyarta a ɗakin haihuwa, rabi a baranda, don ta san majinyacin can bai sha magani ba. Ko da aka kawo wa masu jinya abinci, sai da ta lasa ta aika a gaya wa sabuwar shugabar kicin cewa man ya sha wuta. Bayan azahar aka fito da 'yar jaririya ja-jawur mai kukan mutum biyu. Mai Cokali ta karɓe ta, ta yi hamdala, ta duba kunnen, ta ce na kakanta ne, Allah ya sa ta fi shi jin magana.

Rana ta kusa faɗuwa ta dawo gida ɗaukar kaya. Jug yana nan inda ta bar shi, cike. Ta fita baranda a sanyaye kamar mai zuwa gaisuwar rashin lafiya ba ta riƙo komai ba, ta tsinki ganye ta ciza.

Lami.

Ta tsaya da ganye a baki. Ta koma ta dubi jug. Ta dawo ta ciji wani. Lami salam, ba tare da ɗigon kanwa ba.

Da wata tsohuwar ce, da sai ta ce ikon Allah ta wuce, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma Mai Cokali irin mutanen nan ne da in abu ya shige musu duhu sai ya riƙa yi musu ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa. Da aka sallamo mai jego, Mai Cokali ta ɗaure hannunta ta hana tsiron jug, ta sa harshe gadi. Da asuba tsami mai kama muƙamuƙi. Da hantsi ya ɗan sassauta. Rana tsaka saura kaɗan. Da la'asar babu. Washegari haka, ba ƙari ba ragi. Wato duk jinyar nan da ta yi, tsamin tafiyarsa yake yi ya dawo, ko kallon kanwarta bai yi ba. To daga ina yake zuwa cikin dare, kuma ina yake zuwa da rana?

Ana haka sai ga Auta ya zo ganin jaririya. Auta ƙanin marigayi ne, malamin gona da ya ajiye aiki. Gemunsa ya yi fari fat, jikoki gare shi, amma tun ranar da aka kawo ta gidansu ta same shi da gajeren wando take kiransa Auta, kuma ba ta ga dalilin canzawa ba. Da sassafe ya iso, don motar dare ya biyo. Bai gama yi wa jaririya addu'a ba ta ja hannun rigarsa zuwa baranda.

“Matar Yaya, ko ruwa ba za a ba baƙo ba?”

“Ga abin da ya fi ruwa. Ciza.”

“Yau kuma akuya aka mayar da ni?”

“Akuya tana da amfani. Ciza, na ce.”

Ya ciza. Fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Ta zayyana masa komai, tsamin safe, lamin yamma, kanwa, ranar haihuwa. Da ta zo kan kanwa sai da ya dafa bango saboda dariya.

“Kanwa! Yaya ya ceto shi daga nakiya, ya kawo shi hannun mai kanwa!”

“Ka gama haƙoranka su huta, sannan ka gaya mini abin da gwamnati ta biya ka ka sani.”

Ya share hawaye, ya sake cizon ganyen, a hankali wannan karon, kamar mai sauraron wani abu. Ya ce wallahi ya karanta wannan a littafi tun yana saurayi, ya ma rubuta shi a jarrabawa, amma bai taɓa sa shi a baki ba. Yau ba inda za shi sai ya ji lamin da kansa. Ya jawo kujera.

“Kin san ganye girki yake yi?”

“Auta, in za ka yi ƙarya, yi ta a kan abin da ban sani ba.”

“Girki sosai. Rana ce wutarsa. Ruwa saiwa ke kawo masa. Cefane kuwa daga iska yake yi. Wannan numfashin da muke fitarwa, akwai wani abu a cikinsa da ake kira kabon. Shi ganye ke kamawa ya haɗa da ruwa ya yi sukari, da sukarin ya gina kara da saiwa da 'ya'ya. In kika ƙona itace, baƙin da ya rage, shi ne.”

“Wato gawayin da na ƙare ƙuruciyata ina hurawa, daga iska aka tara shi?”

“Daga iska.”

“To ai da an gaya mini da na riƙa yi masa magana da ladabi. Ta ina iskar take shiga?”

Ya juya ganyen ya nuna mata bayansa. Ya ce akwai ƙofofi a jiki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Sai dai duk lokacin da ƙofa ta buɗe don cefane ya shigo, ruwan jikin ganye yana sulalewa ya fita, kamar tururi in an ɗaga murfi. A wuri mai laima wannan ba komai ba ne. A tsagin dutse kuwa, wanda ya buɗe ƙofa da tsakar rana ya sayi ajalinsa.

“Shi wannan mai wayon sai ya raba aikin biyu. Da dare, in iska ta yi sanyi, ya buɗe ƙofa ya yi cefane. Amma babu wuta, rana ta faɗi. Sai ya adana abin da ya kamo a cikin ruwan ganyensa, a matsayin tsami. Gari na wayewa ya rufe ƙofa ruf, ya riƙa ɗebo tsamin nan kaɗan-kaɗan yana girkawa. Kafin yamma ya cinye.”

Mai Cokali ta dubi bokitin kamar yau ta fara ganinsa.

“Kana nufin tsamin nan sito ne?”

“Cike da kaya.”

“Ni kuma kullum safe ina zuwa in ga sito a cike in ce annoba ce.”

“Kina kuma yi masa ambaliya. Abarba ma haka take yi, in kin ciji ganyenta. Amma don Allah, matar Yaya, ki riƙa tofarwa. Ba kowane ganye ne ɗan uwanki ba.”

Aka kira ta kicin, ta tafi tana magana ita kaɗai. Tana yanka albasa sai ragowar miyar nan da ta rufe tun zamanin tsauni ta faɗo mata. Ta leƙo da wuƙa a hannu.

“Auta! Latas fa? Me ke sumar da shi a zafi, masara na tsaye tana dariya?”

Ya taso ya jingina da ƙofar kicin. Ya ce latas da shinkafa da alkama da wake, da yawancin itatuwa, ƙofa a buɗe suke girki da rana, cefane na shigowa kai tsaye hannun kuku. In da sanyi-sanyi da ruwa, babu wanda ya fi su sauƙin aiki. Amma in zafi ya tsananta dole su tura ƙofa don kada ruwa ya ƙare, cefane ya yi ƙaranci, sai kukun ta rikice ta fara cafko wata iskar daban, wadda mu muke shaƙa, ta jefa a tukunya. Daga nan sai a koma gyaran ɓarna, ƙarfi ya tafi a banza.

“Na san ta!” in ji Mai Cokali, ta nuna shi da wuƙa. “Mun yi aiki da ita a kantin ma'aikata. Zafi na yi sai ta zuba gishiri a shayi.”

“To ita masara ta san halin kukunta. Ɗaki biyu ta yi. A na waje ta zuba 'yan aiki masu saurin hannu waɗanda ba sa kuskuren kaya. Su ke cafkewa su miƙa ta taga zuwa ɗakin ciki, su tula a gaban kuku har ba ta ganin komai sai abin da ya dace. Ƙofa kaɗan za a buɗe, ya isa. Dawa haka, rake haka.”

“To me ya hana ta yi mini kirki a kan tsauni?”

“'Yan aiki ba sa ci? Inda rana ke da ƙarfi, abincinsu ba ya yi wa gida nauyi. Inda sanyi yake, kukun latas ba ta rikicewa balle a nemi mai taya ta, ita kuwa masara ga ma'aikata tana ciyarwa, ga sanyi ya kama musu hannu.”

Ta juya albasa a mai. “Shekara nawa da na tambayi yayanka, ashe amsar tana gidanku da gajeren wando.”

Da la'asar suka koma baranda. Auta ya ciza, ya tauna, ya ɗaga gira. Lami. Ya yi ta murmushi kamar yaron da aka nuna wa ƙwan tsuntsu. Sannan ya tsuguna, ya tura yatsa cikin ƙasar bokitin, murmushin ya ɗauke. Ya kama karan ya ɗan ja. Tsiron ya taho gaba ɗaya ba gardama, gindinsa baƙi, laushi kamar dafaffen kabewa, yana wari. Saiwa babu.

Wannan karon bai yi dariya ba. Ta zauna a kujerar roba, ta sa hannu a aljihu ta riƙe cokalinta.

“Ya tafi ke nan?”

“Uwar ta tafi.” Ya duba saman, ya zaɓi ganye uku da ba su yi rawaya ba, ya tsinke. “Waɗannan da sauran magana. A samo yashi busasshe a faranti. Ki kwantar da su a kai, a inuwa mai haske.”

“Sai me?”

“Sai ki tafi.”

“Ruwa fa?”

“Matar Yaya, wannan tsiron ya rayu ne saboda kina da aikin yi. Ki nemi wani aikin.”

A duk rayuwarta ba a taɓa ba ta aiki mai wuyar wannan ba. Macen da ta ciyar da ɗaruruwa, a ce ta zauna ta kalli abu yana kwance a busasshen yashi kada ta ba shi komai. Surukar ta ɓoye kanwa a cikin akwatin zare, ta kuma gano maganin hannun: da ta ga tsohuwa ta nufi jug sai ta ce, “Mama, karɓi 'yar nan, tana nemanki.” Haka Mai Cokali ta riƙa zama a baranda da jaririya a kafaɗa, suna kallon faranti su biyu. Ganye ɗaya ya bushe ya naɗe. Na biyu ya bi shi. Ta kira Auta a waya ta ce in na ukun ya mutu, gemunsa za ta shuka a wurin. Ya ce ta shuka, amma kada ta sa masa kanwa.

Wata safiya ta sunkuya, ta ga kamar furfura a tsagin gefen ganyen. Ta ɗauko tabarau. Saiwoyi ne, farare, sirara, suna laluben yashi. A kan kowane tsagi kuma ga wasu 'yan ganye biyu, ba su kai farcen jaririyar ba. Ta ƙirga da ido ta bari, don kada baki ya kama su. Ta ɗaga jikar ta nuna mata.

“Kin ga dangin kakanki. Ba sa magana, ba sa mutuwa da wuri.”

Ta jira har suka yi ƙwari, ta raba su a gwangwanayen madara, ruwa sai ƙasa ta bushe ƙarau, shi ma da cokali. Ragowar ƙarfin hannunta ta sauke shi a kan wasu bokitai biyu da ta sa ɗanta ya hau da su: masara a bakin baranda inda rana ke duka, latas a lungu inda inuwa take. Har yanzu ba ta daina tambaya ba. Auta ya ce tun da ya ajiye aiki bai yi karatu irin na bana ba, don kowane kiran waya da sabuwar jarrabawa yake zuwa.

Ranar da babba cikin 'ya'yan Kunnen Ƙashi ya yi ganyen da ya isa a taɓa, jikar ta fara rarrafe. Mai Cokali ta fito da asuba, ta tsinki ɗan gefe kaɗan, ta ciza. Muƙamuƙinta ya kama, ido ya rufe, miyau ya taru. Ta tofar a hankali.

“Madalla,” ta ce. “An yi cefane.”

Ta ɗauki jug ta wuce wurin latas.